Na Dawo da Gwaggo Gida Ba a Yi Mata Allurar Ba

Anti, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Na kai inda ko tunanin ma ba ya yiwuwa, sai dai in zauna in zuba wa bango ido. Na daɗe ina karanta filinki, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ce zan rubuto ba. Ki yi haƙuri idan maganar ta yi ta kewaye-kewaye, haka kaina yake a kwanakin nan.

Ni malamar makaranta ce, ajin ƙanana nake koyarwa, waɗanda har yanzu sai an share musu hanci. Ina da aure da 'ya'ya biyu. Maganar a kan Gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar mahaifiyarmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Don haka da tsufa ya zo mata ba a yi wata doguwar shawara ba, kowa ya san gidana za ta dawo. Ni ma ban jira an ce mini ba.

Gwaggo tela ce. A zamaninta kallo ɗaya take yi wa mutum ta yanka yadi, ba ruwanta da awo, kuma rigar ta zauna daram. Ga baki, ga tsafta, ga faɗan gaskiya. Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa. Ta sa almakashi a firji. Ta ɗinke wuyan wata riga ruf, ta ce mai rigar ce ta ce a yi haka. Muka yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Daga baya ta fita sayen zare ta kasa gane hanyar gida, sai wani mai shago ne ya rako ta. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, wanda mutane ke kira ruɗewar tsufa, kuma ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa.

Yanzu tana ɗakin da ke kusa da kicin. Keken ɗinkinta na gindin taga. Mun cire masa allura da igiya, amma takan zauna ta yi ta taka shi, ƙafafun ba su manta ba. Maigidana kuwa ta mayar da shi mai gyaran famfo. Kullum da safe sai ta tambaye shi har yanzu bai gama aikin ba, shi kuma ya rusuna ya ce kayan gyara yake jira. Ni Malama take ce mini, don ta ji maƙwabta na faɗa. Wani lokacin baiwar Allah. Ni nake yi mata wanka, in canza mata, in ba ta abinci a baki kafin in fita. Wata maƙwabciyarmu ke zama da ita har in taso daga makaranta.

Bara da sanyi ya shigo, mura ta zagaye ajina, ta biyo ni gida, ta bi yarana, ta sauka a kan Gwaggo. Mu duka muka warke, ita kuwa abin ya sauka mata a ƙirji ya zama ciwon huhu. Aka ba mu gado a asibiti. Anti, ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a idonta ba. Ba ta san inda take ba, ba ta san dalilin da ya sa baƙi ke taɓa jikinta ba. Ta yi ta fizge allurar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, har sai da aka ɗaure hannuwanta da bandeji a jikin ƙarfen gadon. Ina tsaye aka yi. Ni na riƙe mata kafaɗa. Tana ta kiran mahaifiyarta, matar da ta rasu tun ba a haife ni ba. Ta warke, an sallame mu, amma ba duka ta dawo ba. Kafin asibitin takan kai kanta banɗaki, kuma jifa-jifa sunana kan faɗo mata. Tun daga nan duka biyun suka tafi.

To, a zuwanmu na baya-bayan nan likitanta ya ce yana da kyau a yi mata rigakafin ciwon huhu da na mura mai tsanani kafin sanyi ya sake shigowa, tunda ƙirjinta ya riga ya yi rauni. Na ce to. Ana gobe za mu je na gaya mata za mu fita a yi allura. Sai fuskarta ta washe, ta ce in zaɓo sirara masu ƙarfi, don na yanzu ba su da aminci, kuma kada in manta da baƙin zare. Na san abin dariya ne. Da a da ne da har sai na riƙe ciki, in kira Yayana a waya in ba shi labari. Na dai ce mata to, na ci gaba da ninke kaya.

Washegari muka ɗauki tasi. A wurin jira lafiya lau take, har ta kama gefen rigar wata mata da ke kusa da mu tana juyawa, ta ce wanda ya yi wannan kalmasa bai ji tsoron Allah ba. Matar ta yi dariya. Da aka kira mu muka shiga, ta ga farin kaya, ta ji warin maganin nan na asibiti, shi ke nan. Ta ƙanƙame bakin ƙofa da hannu biyu. Tsohuwar da cokali ke gagararta, amma na kasa ɓamɓare yatsunta. Ba ta yi ihu ba. Fitsari ne kawai ya bi ƙafarta ya sauka a kan takalmina. Nas ɗin ba ta yi mana faɗa ba, mutuniyar kirki ce. Ta ce idan na amince za ta kira abokan aikinta su riƙe ta, abu ne na ƙiftawar ido. Na dubi Gwaggo, na dubi layin mutanen da ke bayanmu, na ce a bari. Na goge mata jiki, na goge ƙasa, muka fito. A hanya na sa mai tasi ya tsaya na sayi burodi da sabulu. Abin da na tuna ke nan game da komawarmu gida, cewa sabulu ya ƙare.

Daga nan gida ya rabu biyu. Yayana, wanda aiki ya kai shi nesa, ya cika mini waya da saƙon murya. Ya ce na yi sakaci, minti ɗaya na kuka ya fi sati biyu a gadon asibiti, yaro ma riƙe shi ake yi a yi masa, kuma idan wani abu ya same ta bana to na san wanda za a tambaya. Yana son Gwaggo, ban musa ba, shi ke aiko da magungunanta. Amma rabonsa da ganinta tun tana gane mutane. Babanmu kuwa, wanda shi ne ƙaninta kuma shi kaɗai ya rage mata a 'yan ɗakinsu, cewa ya yi na kyauta, a ƙyale masa 'yar uwa ta ƙarasa kwanakinta ba tare da ana danne ta kamar akuya ba. Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya gaya masa irin wannan allura tana ƙara ruɗa tsofaffi. Shi ma Baba ba ya iya daɗewa a ɗakinta. Yakan zo ya gaishe ta, ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, sai ya fita tsakar gida ya yi ta goge tabarau.

Abin mamaki, kowannensu da maganar Gwaggo yake kafa hujja. Yaya ya ce ai mace ce da ba ta wasa da asibiti, ita ke jan mu da kunne zuwa rigakafi muna yara, kuma ba ta taɓa tsallake maganin hawan jininta ba. Gaskiya ne. Baba ya ce ta sha faɗa cewa kada Allah ya nuna mata ranar da za a riƙa juya ta a gadon asibiti da robobi a hanci. Shi ma gaskiya ne, da kunnena na ji. Maigidana ya ce duk abin da na yanke yana bayana. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ji na yi kamar an ƙara mini wani buhu a ka.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da muke kwance a asibiti bara, wata dattijuwa da ke jinyar yayarta a gadon kusa da mu ta ce mini, ga irin waɗannan tsofaffi ciwon ƙirji rahama ne, yana ɗauke su kafin su gama wulaƙanta. A lokacin na ji haushinta. Amma maganar ta zauna. Ranar da na ce wa nas a bari, ban sani ba ko tausayin Gwaggo ne ya yi magana, ko kuwa wani abu ne a cikina da ba ya so allurar ta rufe wa Gwaggo waccan ƙofar tafiya da dattijuwar ta ambata. Na bincika zuciyata, Anti, na rantse na bincika, ban sami amsa ba. Ban sami komai ba ma. Ba na fatan ta mutu. Amma idan na ce ina fatan ta ƙara shekaru a haka, ƙarya na yi.

Ba na kuka. Ba na fushi. Faɗan Yaya bai ɓata mini rai ba, yabon Baba bai faranta mini ba. A aji ina rera waƙa da yara, ina tafi, ina jin muryata kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa. Rannan ƙaramar 'yata ta faɗi ta fasa gwiwa, na wanke na sa mata magani tsaf, sai daga baya na tuna ban rarrashe ta ba. Ina wanke matar da ta goye ni kamar yadda nake wanke kwano, da kyau, ba tare da na ji komai ba.

Sanyi na matsowa, yara sun fara tari a aji. Shin in mayar da ita a danne ta a yi? Ko in bi maganar Baba? Wa ke da ikon yanke hukunci a kan jikin mutumin da ba zai iya cewa e ko a'a ba? Kuma mace irina, da ba ta ma san abin da take so ba, ta cancanci a bar mata wannan hukunci? Don Allah ki gaya mini gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Taki,
'Yar riƙon tela

Wa alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara da abin da ya fi damunki, don na lura kin ajiye shi can ƙasa kamar kayan wanki da ake ɓoye wa baƙi. Ba muguwa ba ce ke. Gajiya ce ta yi miki yawa har zuciya ta rufe ƙofa don ta tsira. Masu doguwar jinya da yawa sun rubuto mini irin wannan, kuma kusan duk cikinsu akwai wanda tunanin ƙarshen abin ya taɓa giftawa a ransa. Son wahala ta ƙare daban, son mutum ya mutu daban. Ki duba abin da hannuwanki suka yi a ranar: kin hana a danne ta, kin goge mata jiki, kin kai ta gida. Da aikinki zan auna ki, ba da tunanin da ya zo miki ba da gayyata ba.

Amma zan yi gardama da waccan dattijuwa. Ciwon huhu ba ƙofa ce mai sauƙi ba, kuma ke shaida ce. Kin ga numfashi na gagara, kin ga bandeji a ƙarfen gado. Kuma sau da yawa ba ya ɗauke mutum, sai dai ya dawo da shi gida da ragi, kamar yadda ya yi wa Gwaggo. Saboda haka ki daina kallon wannan allura a matsayin hukunci kan tsawon ranta. Wannan ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannun likita ba. Tambayar ƙarama ce: me zai rage yiwuwar ta sake kwanciya a wancan gado?

Ni ba likita ba ce, don haka na tuntuɓi wata ƙawata likita kafin in amsa miki. Ta ce ciwon mantuwa shi kaɗai ba ya hana a yi wa mutum rigakafi. Ta ce rigakafin ba ya toshe ciwo gaba ɗaya, amma yana rage haɗarin kamuwa da kuma tsananinsa. Ba ta san wata hujja da ta nuna yana ƙara mantuwa ba. Abin da kan faru shi ne ciwon damtse, kasala ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kuma a irin wannan lokaci mai ciwon mantuwa na iya ƙara rikicewa kafin ya dawo daidai. Wataƙila irin wannan abokin Baba ya gani. Amma ƙawata ba ta ga Gwaggo ba. Likitanta ne ya san jikinta, shi ke da maganar ƙarshe ta fuskar lafiya.

Yayanki da Babanki kowa ya riƙe rabin gaskiya yana jan ta. Yaya ya yi daidai da ya ce kariya na da amfani, ya yi kuskure da ya kwatanta ta da yaro. Yaro ana rarrashinsa ya gane, gobe ya manta. Ita ba za ta riƙe dalilin ba, tsoron ne zai iya zama a jikinta. Baba ya yi daidai da ya ce kada a danne ta, ya yi kuskure da ya ɗauka babu wata hanya sai dannewa ko bari. Maganganun Gwaggo biyu da suke ja a kai ma ba sa karo da juna. Matar da ba ta wasa da magani, kuma take ƙin gadon asibiti, ai abu ɗaya take faɗa: a tare ciwo tun yana waje.

Ga shawarata. Ki koma wurin likitan ke kaɗai, ba tare da ita ba, ki gaya masa duk abin da ya faru a bakin ƙofar nan. Ki tambaye shi wace allura ce ta fi muhimmanci a cikin biyun, ko za a iya raba su, kuma ko akwai ma'aikaciyar jinya da za ta iya zuwa gida. Idan babu, ko za a iya fitowa a same ta a mota ko a wani ɗaki mara hayaniya. Daga labarinki, ba tsinin allura ne ya firgita ta ba, tun ba ta gan shi ba ta ƙanƙame ƙofa. Wurin ne, da farin kaya, da wari. A zo mata cikin kayan gida, a lokacin da kika san ta fi natsuwa, tana zaune a inda ta saba, a gaisa, a yi hira, hannunta na cikin naki. A gaya mata abin da za a yi a taƙaice, dab da lokacin, ba tun jiya ba. Kada a yi ranar da ba ta da lafiya. Idan ta ƙi, a tsaya, a sha shayi, a sake gwadawa wata rana. Idan an gwada cikin lalama ta ci gaba da ƙi, ko likita ya ce jikinta ya kai inda sauƙaƙa mata kawai ya rage, to bari ba sakaci ba ne, kuma kada ki yarda kowa ya kira shi haka.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar yardarta. Ku da ke kewaye da ita ku tambayi likita game da naku rigakafin, musamman ke da kike wuni cikin masu majina. A wanke hannu da an shigo gida, mai tari kuma ya ɗan nisanci ɗakinta har ya warke.

Batun wa ke da iko: ba ke kaɗai ba. Ki haɗa Baba da Yaya a kira ɗaya, in da hali likitan ya yi musu bayani da bakinsa, ku fito da matsaya ɗaya da sunan ku duka. Ki gaya wa Yaya cikin ladabi cewa idan akwai wanda za a tambaya, to ku uku ne. Ya nemi hutu ya zo ya yi kwanaki, ya ba ta abinci, ya ga yadda wuni yake. Ba don a hukunta shi ba. Mutum ba ya gane irin wannan jinya ta waya. Shi kuwa Baba, ki tausaya masa. Ba allura yake tsoro ba, yayarsa ce ke tambayarsa ɗan gidan wane ne. Maigidanki kuma ki gode masa, sannan ki ce ya dawo gefenki, tsayuwa a bayanki ta isa haka, ya raka ki wurin likita.

Sai ke. Wannan rashin jin komai da ya kai har kan 'yarki ba abin da za a bari ba ne. Ki gaya wa likita halin da kike ciki da kalmomin da kika rubuto mini, domin irin wannan gajiya tana da taimako, kuma neman sa ba gazawa ba ne. Ki nemi wuni guda a mako da wani zai karɓe ki, ki fita daga gidan, ko da gidan ƙawa za ki je ki yi barci. Kada ki tsaya jiran ranar da za ki ji a ranki cewa ga daidai kafin ki yanke shawara. Mai yiwuwa ranar ba za ta zo da wuri ba. Ki yi aiki da abin da kika sani, jin zai dawo a lokacinsa, kuma idan ya dawo da kuka, ki ƙyale shi.

Gwaggo ba za ta iya gode miki ba, kuma da alama a cikin hayaniyar nan babu wanda ya tuna ya yi. To ni na gode miki a madadinta. Allah ya ba ta sauƙi, ya sa sanyin bana ya wuce ku lafiya, ke kuma ya hutar da ke, ya saka miki da mafificin alheri.

Antinki